An hana gayya saboda korona a 2020: yaya za a kula da hanyoyin ƙafa na cikin daji?

Tambaya (daga bazarar 2020): Baba, ni ne sakataren ƙungiyar samari a wani ƙauye da ke bakin daji a gundumar Madarunfa ta ƙasar Nijar. Muna da hanyoyin ƙafa da muke bi da 'yan makaranta da baƙi masu zuwa ganin daji da tabki, kuma kowace shekara kafin damina gayya muke kira mu share su. Bana cutar korona ta sa an hana taro, ɗaliban da ke taimaka mana sun watse, ga damina ta ƙarato. Yaya za mu yi kada hanyoyin su mutu?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tuna da daji a lokacin da hankalin kowa ya koma kan cuta da tsadar abinci. Na yi shekaru masu yawa ina aikin gandun daji a jihar nan ta Maradi, daga dazuzzukan kudu na wajen Baban Rafi har zuwa filayen kiwo na wajen Dakoro, don haka abin da zan gaya maka daga inda ƙafata ta taka ne. A watan Maris na 2020, da aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Yamai ranar 19 ga wata, aka rufe makarantu, aka rufe iyakoki, kuma aka hana taron da ya wuce mutum 50. Wataƙila wani daga cikinku zai ce ai gayyarku ba ta kai wannan adadi ba. Kada ku bi wannan shawara, domin haɗarin gayya yana cikin yadda ake yin ta: kafaɗa da kafaɗa ake sara, adda tana yawo daga hannu zuwa hannu, moɗa ɗaya ake shan ruwa da ita, kuma idan an zauna hutu ƙwaryar fura ɗaya ce da ludayi ɗaya. Ku bar gayya bana, hanyoyinku ba za su mutu ba idan kun canza tsarin aikin.

Ina girmama gayya, da ita aka gina rumbuna da azuzuwan makaranta a ƙasar nan, kuma waɗanda suka ga zamanin Samariya, wato ƙungiyoyin samari masu aikin gayya na da, sun san irin aikin da ta yi. Amma a sha'anin hanyar daji tana da wani aibi da yawan jama'a yake rufewa. Gayya aikin yini ɗaya ce, hanya kuwa kowane ruwan sama da kowace iska suna taɓa ta. Kuma samari idan sun taru, abin da ido yake gani shi suke kai wa sara, wato ƙaya da reshe, alhali abin da ke kashe hanya a ƙasarmu ruwa ne. Na taɓa tsayawa a kan wata hanya da aka yi wa gayya da kiɗa da guɗa, aka share ta fes, aka faɗaɗa ta har amalanke biyu suna iya giftawa, aka tumɓuke duk sabara da ciyawar da ke gefenta. Da na koma a ƙarshen watan Agusta sai na tarar ruwa ya mayar da ita magudanarsa, ya haƙa rami a tsakiyarta da ya kai ni gwiwa, saiwoyin marke suna reto a sarari. A wannan dajin kuma akwai wani dattijo mai saran itace da yake bin wata siririyar hanya da jakinsa, shi da 'ya'yansa biyu kawai suke kula da ita. Duk inda ya ga ruwa ya fara jan yashi, sai ya ɗaure damin rassan geza ya kwantar a karkace, ya kafe shi da turaku biyu, ya wuce. Hanyarsa ta fita daga damina lafiya lau. Irin aikin wannan dattijo nake so ku ɗauka bana.

Abu na farko shi ne ku yarda cewa ba za ku iya riƙe dukkan hanyoyin ba, sai kun zaɓa. Ka ɗauki littafi da alƙalami, ka nemi mutum ɗaya daga gidanku, ku taka kowace hanya daga farkonta zuwa ƙarshenta da sassafe. Hanyar da mata suke bi su ɗebo itace ko ruwa, da wadda ake bi a kai marar lafiya likita, da wadda ma'aikatan gandun daji za su bi idan wuta ta tashi, waɗannan su ne a gaba. Hanyar da baƙi da ɗalibai kaɗai suke bi tana iya jira, tun da bana babu baƙi, sai dai a duba ta ta fuskar ruwa kawai. Ciyawa da ƙaya idan sun rufe hanya, kwana biyu na sara sun isa a buɗe ta baɗi. Kwazazzabo kuwa idan ya ci hanya, shekaru ake yi ana fama da shi, wani lokaci ma sai dai a haƙura a sake wata.

Ba sai an yi ruwa ba za ka gane inda yake bi, domin daminar bara ta bar rubutunta a ƙasa. Inda ka ga tsakiyar hanya ya zurfafa fiye da gefenta kamar kwami, ruwa yana gudu a cikinta. Inda ka ga yashi mai laushi ya baje kamar an zuba shi da faifai, nan ruwan ya rage gudu ya sauke kayansa, kuma ɓarnar tana can sama da wurin. Inda ka ga saiwa a waje, ko tsakuwa ta fito ta yi tsaye a kan ɗan tudun ƙasa, an kwashe ƙasar da ke kewaye da su ke nan. Ka rubuta kowane wuri da alamar da kowa zai gane, kamar gindin tsamiya ko tsohuwar suri, ka ƙirga taku nawa ne daga bakin daji.

Maganin kuwa guda ne, a fitar da ruwa daga hanya tun bai yi ƙarfi ba. Ruwa yana ƙara ƙarfi ne gwargwadon nisan da ya yi yana gangarawa ba tare da wani abu ya tare shi ba, saboda haka ake datse masa tafiya. Ana yin 'yar kunya a kan hanya, tsayinta bai wuce taƙi ɗaya ba don mutum da jaki su tsallake ba wahala, da ɗan rami marar zurfi ta gefenta na sama. Kada a yi ta a miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, domin ruwa zai taru a bayanta ya fasa ta ko ya cika ta da yashi. A karkace ake yin ta, bakinta ɗaya yana sama ɗaya yana ƙasa, ta yadda ruwan zai bi jikinta ya sulale zuwa ɓangaren da ƙasa ta fi gangara. Inda hanya ta yi gangare sosai a matso da kunyoyin kusa da juna, inda ta kusa zama shimfiɗe a bar tazara mai yawa. Wurin da ruwan zai faɗa shi ne mutane suka fi mantawa da shi: idan ka sake shi a kan ƙasa tsirara, ka kashe kwazazzabo a hanya ka haifi wani a gefenta. A sa masa tsakuwa ko rassa ya faɗa a kai, ko kuma, abin da na fi so, a haƙa rami mai siffar rabin wata a wurin, irin wanda manomanmu suka saba da shi a aikin farfaɗo da fako, ruwan ya kwanta a ciki ƙasa ta shanye, a dasa gamba a bakinsa idan damina ta kama.

Na san dutse yana da wuyar samu a wurare da yawa na ƙasar Maradi, inda yashi ya fi yawa, kuma babu hannun da zai yi jigilarsa bana. Tsofaffin buhunan taki da aka cika da ƙasa suna yin aikin na damina ɗaya, ko da yake rana tana cin su. Damin rassan sabara ko geza da aka kafe da turaku ya fi su, domin yana tace ruwa ya riƙe yashi, kuma kafin gara ta gama da shi ciyawa ta riga ta tsiro a bayansa ta karɓi aikin. Idan kwazazzabo ya riga ya buɗe, daga kansa ake fara masa magani, wato can sama inda yake ci yana hawa, a kawar da ruwan da ke zubo masa. Sannan a jera ƙananan shingaye a cikinsa, masu yawa kuma gajeru, kowanne a cusa bakinsa biyu cikin gaɓa sosai, a bar tsakiyarsa ya fi gefensa ƙasa don ruwa ya tsallake ta tsakiya. Babban shinge guda ɗaya mai tsawo ruwan Agusta zai zagaye shi ta gefe, ya faɗaɗa ramin fiye da da. Wanda ya fi ƙarfinku, wanda zurfinsa ya wuce ƙugu, ku kewaye shi da hanya ku kai rahotonsa ofishin gandun daji da na magajin gari, domin wannan aikin ragar ƙarfe da dutse ne.

Game da sara kuwa, ku rage shi ƙwarai. Faɗin da zai ishi mace mai ɗauke da damin itace ta wuce ba tare da ƙaya ta kama mata zane ba, shi ne faɗin hanyar ƙafa, kuma tsayin da za a buɗe shi ne wanda mai kaya a ka zai wuce ba ya duƙa. Reshe a gindinsa ake yanke shi, daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ƙaramin tsiro kuma a yanke shi daidai da ƙasa, domin kututture mai tsini da aka bari a tsakiyar hanya ya fi ƙayar da aka cire cutarwa, musamman ga yara marasa takalmi. Sarƙaƙiya da ɗunɗu su ne masu saurin rufe hanya, su za a fi bi. Babbar bishiya kuwa kada kowa ya sa mata gatari ko da ta kwanto kan hanya, sai an sanar da jami'in gandun daji, domin dokar daji ta 2004 tana nan da ƙarfinta duk da cuta, kuma itatuwa irin su gawo suna cikin waɗanda aka kare.

Akwai dabarar da za ta rage muku aikin shekaru masu zuwa, kuma a nan Maradi aka haife ta. Tun 1983 Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostireliya, da manoman yankin nan suka fara abin da muke kira sassaben zamani, wato maimakon a sare tohon kututture gaba ɗaya, sai a zaɓi rassa kaɗan mafiya ƙarfi a bar su, a cire sauran. Ku yi haka a gefen hanya. Sabara ko kalgo da aka sare ƙasa-ƙasa, baɗi za su dawo da rassa goma masu bajewa, duk su nufo hanya. Idan kuwa aka bar biyu ko uku masu miƙewa sama, aka sassabe na ƙasa, cikin 'yan shekaru za su zama bishiyoyi masu inuwa, saiwarsu tana riƙe gefen hanya, inuwarsu tana rage ciyawa. Mutum ɗaya da adda mai kaifi yana iya wannan aiki a hankali, kuma gaskiya ya fi taro iya shi, domin aikin lura ne.

Yanzu sai maganar wa zai yi. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hanya ba jinka ba ce, ana iya yanka ta gunduwa-gunduwa. Ku auna ta da igiya, ku raba ta yanki-yanki, kowane yanki a danƙa shi ga gida ɗaya. Mutanen gida ɗaya da ma tare suke kwana, kwano ɗaya suke ci, don haka fitarsu aiki su biyu ko uku ba ta ƙara musu wani haɗari ba. Kada ku tsaya kan 'yan ƙungiyarku kaɗai, ku nemi waɗanda abincinsu yake bin hanyar: masu saran itace, masu ɗiban zuma, matan da ke tsinko ganye da 'ya'yan itace, makiyayan da rugarsu take kusa, da manomin da gonarsa ta yi iyaka da ita. Kowane a ba shi yankin da yake takawa kullum, a gaban mai gari, a rubuta. Ko a Amurka, babbar hanyar ƙafa ta duwatsun Apalachiya, mai tsawon kusan kilomita 3,500, ƙungiyoyin sa-kai ne suke riƙe da ita yanki-yanki, kowace da iyakarta, kuma a watan Maris na 2020 su ma an roƙi matafiya su dakata da bin ta saboda cutar. Abin da ya riƙe wannan hanya shekara da shekaru shi ne kowane yanki an san mai shi.

Kada ku ji kunyar biyan kuɗi. Mutumin da aka rufe wa iyakar Najeriya tun Agustan 2019, cuta kuma ta zo ta tsayar da kasuwa, ba adalci ba ne a ce ya bar neman abincin gidansa ya yi wa jama'a aiki kyauta. Kuɗin da kuke kashewa a abincin gayya da goro da makaɗa, shi za ku raba. A biya a kan aikin da aka gama aka duba, kamar kunya kaza ko igiya kaza, maimakon a biya a kan yini. Idan ƙauyenku yana da kasuwar itace ta karkara, irin waɗanda dokar 1992 ta kafa tsarinsu, to ku sani a cikin harajin da ake karɓa akwai kason da aka ware don gyaran daji, kuma gyaran hanyar da itacen yake fitowa ta cikinta yana cikin abin da za ku iya nema da shi. Ka rubuta takarda zuwa ga kwamitin kasuwar, ka haɗa da jerin wuraren da ka ƙirga, ka ba jami'in gandun daji da magajin gari kwafi. Takardar da ta ce a taku na ɗari uku daga bakin daji akwai rami mai zurfin gwiwa ta fi wadda ta ce hanyoyinmu sun lalace samun amsa.

Muna cikin bazara kuma muna cikin azumi, zafi yana wuce digiri 40, don haka aikin daga bayan sallar asuba ne zuwa hantsi, a dawo gida. Kowane gida da kayan aikinsa, adda da gatari da fartanya da shebur, idan kuma dole a ari diga ko baro daga wani gida, a wanke ƙotar da ruwa da sabulu. Idan gida biyu suka haɗu a iyakar yankinsu, su gaisa daga nesa, kowa da takunkuminsa. Mai tari ko zazzaɓi ya zauna gida. Sai dai kada rage jama'a ya sa wani ya shiga daji shi kaɗai. Kububuwa da kasa suna son ƙarƙashin busassun rassa, a fara motsa tarin rassan da dogon sanda kafin a sa hannu. Idan maciji ya sari mutum kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da tsumma tamau, a hana ƙafar motsi a ɗauke shi zuwa likita nan take. Kuma kai ma ka san halin da dazuzzukan kan iyaka suke ciki da 'yan bindiga. Duk yankin da mai gari ko jami'an tsaro suka ce kada a shiga, ku cire shi daga lissafin bana gaba ɗaya, kuma duk mai fita ya faɗi inda ya nufa da lokacin da zai dawo.

Hanyar da kuka yanke shawarar hutar da ita, ku gyara mata ruwa tukuna, sannan ku shimfiɗa rassan da kuka sare a kanta, za su tare yashi da irin ciyawa, ƙasar ta murmure. Amma ku tabbata ba burtali ba ce, ba kuma hanyar dabbobi zuwa mashaya ba. Dokar karkara ta 1993 da dokar makiyaya ta 2010 sun kare waɗannan hanyoyi, kuma mu mutanen Maradi da muka ga kisan jama'ar da aka yi a ƙauyen Toda a 1991 mun san inda rikicin manomi da makiyayi yake kaiwa. Kafin a ajiye ƙaya ɗaya a kan kowace hanya, a je wurin arɗo a yi magana, idan akwai shakka a tambayi kwamitin kula da filaye na ƙauye.

Akwai wata ɓarna kuma da ba ruwa ke yin ta ba. Hanyar da ƙafa ta daina bi a lokacin shuka, kunyar mai gonar gefe tana matsowa cikinta kaɗan-kaɗan, bana layi ɗaya, baɗi biyu, har a wayi gari ana gardama ko an taɓa yin hanya a wurin. Saboda haka tun kafin ruwan shuka ku sa alama a gefe biyu inda hanya ta ratsa gonaki, da farar ƙasa ko fenti a jikin bishiya, ko da dutse inda ake samunsa. Kada a buga ƙusa a jikin itace, kada a sassaƙe ɓawo don yin alama, domin ta wannan rauni gara da ruɓa suke shiga. Ka ɗauki hoton kowane wuri da wayarka, ka ajiye da kwanan wata.

Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, washegari da safe kowane gida ya taka yankinsa da fartanya a kafaɗa, domin a ranar ce za a ga kunyar da ta yi aiki da wadda ruwa ya tsallake, kuma gyaran a lokacin bai wuce kwashe yashin da ya taru da ɗaga inda ya karye ba. Haka za a riƙa yi bayan kowane babban ruwa har zuwa Satumba. A cikin Agusta a bi garmani da tafasa da suka tsiro a hanya a tumɓuke su tun ba su yi 'ya'ya ba, musamman garmani, wanda ya riga ya cinye burtalai da makiyayu masu yawa a jihar nan kuma dabba ba ta damu da shi ba. Idan ciyawa ta fara bushewa a Oktoba, sai a koma kan manyan hanyoyin da kuka zaɓa, a yanke ciyawar gefe biyu da lauje, a kwashe ta da manjagara a kai gida ko a sayar wa masu kiwo, don hanyar ta zama katangar da za ta rage gudun wutar daji kuma masu kashe ta su sami inda za su bi. Kada kowa ya share hanya da wuta, ko da ya ga iska a kwance, domin mutum biyu ko uku ba su isa su tare ta ba idan ta juya. Idan ka gama zagayen farko ka rubuta wuraren, ka turo mini jerin da hotunan ramukan, in nuna maka waɗanda za ku fara da su da waɗanda za ku bar wa ofis.